Furen Tekun Bli Renten a Ranar Shiru

Yayana Bli Renten a ƙarƙashin ruwa ya yi ƙuruciyarsa. Kifayen ado yake kamawa a gaɓar ƙauyenmu da ke arewacin tsibirin Bali, ana kai su birni. Da kunnensa na hagu ya fashe, likita ya raba shi da nutso, sai bawan Allah ya kawo tekun gida: ƙaton akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, da ɗan injin da ke motsa ruwan ba tsayawa. Matarsa Mbok Sarini ta ce akwatin ne babban ɗan gidan, don ya fi kowa cin wutar lantarki.

Wata rana masunta suka jawo wani dutse a raga, da furen teku manne a jikinsa. Suna ne kawai fure, dabba ce, baki a tsakiya, yatsu birjik kewaye da shi. Wannan kuwa ta yi fari fat, baki a wangale, yatsun sun saki kamar taliyar da ta wuce dahuwa.

Na ce, "Kai, Bli, ga kyau!"

Ya harare ni. "Kyau? Ke ranar da kika yi fari haka ai itacen ƙona gawa za mu fara nema. Yunwa ce ke cin ta."

Ya saka ta cikin akwatin nan, daga nan gidanmu ya zama asibiti. Kullum da safe sai ya ɗebo mata sabon ruwa daga teku a jarka. Ya cire rufin ɗaki gefe guda don rana ta same ta. Jatan landen miyar Mbok Sarini kuwa ya shiga uku, yankawa yake ƙanana yana miƙa mata da tsinke, naman yana zamewa ƙasa. Ya ce lafiyayyar furen teku damƙe duk abin da ya taɓa ta take yi, ranar da ta damƙa, ta tashi ke nan. Ni dai tausayi yake ba ni, don na san ba dabbar kaɗai yake jinya ba, ita ce guntun tekun da ya rage masa.

Ta fara farfaɗowa ke nan, launinta na komawa ruwan ƙasa-ƙasa, sai ga Nyepi, ranar shiru ta addininmu. Ba wuta, ba aiki, ba fita, ba ɗaga murya. Mu a gidanmu tun zamanin mahaifinmu har mitar lantarki ake kashewa.

"In ruwan ya tsaya yini guda, mutuwa za ta yi," in ji Bli Renten.

"Duk tsibiri ya yi tsit, injinka kaɗai na gurnani? Ba a gidan nan ba, Bli," in ji Mbok Sarini. Da asuba ta kashe mitar da hannunta.

 Gogan ya ɗauko ludayin ƙoƙon kwakwa, ya ja kujera, ya shiga ɗibar ruwan yana tsiyayarwa a hankali. Ya ɗiba, ya zuba. Ga azumi a bakinsa, ga zafi. Rana na tsaka ya fara gajiya, ruwa na zuba a ƙasa.

Mbok Sarini ta matso, ta yi masa raɗa a kunnen da ke ji. "Wannan da kake yi ba aiki ba ne?"

"Jinya ce."

Ta tsaya tana kallonsa, ta kalli majinyaciyar, ta ja tsaki can ƙasa-ƙasa. "Matsa, tsoho. Ko ludayi ba ka iya riƙewa ba."

Haka muka koma karɓa-karɓa, ita, ni, shi, muna juya ruwa kamar masu damun kunun biki. Wallahi in na ce ban ji daɗin yinin nan ba na yi ƙarya.

Da la'asar ludayin ya suɓuce wa Mbok Sarini ya nutse. Ta tura hannu don ta ciro shi, sai muka ga ta ƙame, ido waje. Yatsun dabbar sun naɗe ɗan yatsanta, sun riƙe gam, suna jan shi zuwa bakin da ya tsuke tsaf.

"Tana cizo na!" ta faɗa da raɗa.

"Kar ki motsa! Kar ki motsa, Sarini, don Allah!"

"Zafi fa!"

"Na sani! Zafin nan nake nema!"

Ihu ya taso masa, ni ma ya taso mini, amma yau ko zakara ya yi cara sai an harare shi. Bli Renten ya fizge rawanin kansa ya cusa a baki, ya dinga tsalle a tsakar ɗaki ba takalmi, hawaye na bin kumatunsa. Mbok Sarini kuwa tana tsaye, ruwa har gwiwar hannunta, tana cije leɓe, ta ƙi cirewa sai da ya gama kallo.