Tarin Malam Isiyaku

Har yau ban manta da safiyar Talatar da aka kawo mana Malam Isiyaku ba. Lokacin ina babban nas a wani ƙaramin asibiti a Rogo. Malam magatakardan dagaci ne daga Beli. Shekara biyu kafin nan aka yi masa dashen ƙoda, ƙanensa Lawan ne ya ba shi. Daga baya Lawan ya rasu, ciwon ƙirji ne ajalinsa.

Taku kaɗan Malam ya yi daga mota zuwa benci, amma sai haki yake yi. Can ya yi tari, busasshe, sau uku a jere. Matarsa ta ja mayafi ta toshe bakinta.

Na ce, "Hajiya, lafiya?"

Ta ce, "Tarin Lawan ne wannan. Haka yake yi kafin ya cika, uku-uku. Mutanen gida sun daina shiga ɗakin Malam."

Malam bai ɗago kai ba ya ce, "Ni na daina tsoro. Abinsa ne a jikina. In ya zo karɓa, ba zan hana shi ba."

Na ɗora abin sauraro a bayansa. Ƙasan huhun biyu na ba da wani ƙas-ƙas, kamar ana taka busasshen kara daga nesa. Gwajin majina bai nuna tarin fuka ba, kuma maganin nimoniya da aka ba shi a wani wuri bai yi komai ba.

Rasa abin yi ne ya sa na ce a zazzage min ledar magungunansa. Mai dashen ƙoda yana shan ƙwayoyi kullum don kada jiki ya yaƙi baƙuwar ƙodar. Na lura kwali ɗaya sabo ne. Hajiya ta ce wata uku ke nan da canza shi, tarin kuma ya fi wata guda.

Na kira likitarsa a Kano na karanta mata sunan. Ta ce, "Wannan yakan kumbura huhu. Kada ku dakatar da komai da kanku, zai iya rasa ƙodar. Ku sa masa oksijin ku taho yau."

A can aka yi hoton ƙirji, aka canza maganin. Bayan wata biyu Malam ya dawo gaishe ni da ƙafarsa, tarin ya ɗauke. Ya ce, "Allah ya yafe min. Ya ba ni ƙoda, ni kuma na zarge shi yana kabari."

Don haka nake gaya muku, ku ma'aikatan jinya masu tasowa: wanda ya miƙa wuya ga mutuwa ba zai ba ku cikakken labari ba. Ku tambayi abin da yake haɗiya kullum, da ranar da aka canza masa.