Shekarar da Muka Daka Yashi

Kakata ta wajen uba, wadda duk gidan muke kira Inna, ba ta ga laifin mutum ya mutu da yunwa ba. Abin da ba za ta lamunta ba shi ne maƙwabta su sani. Wannan ra'ayi nata ya kusa ƙarar da mu a shekarar farin nan, lokacin na kai ɗaukar taɓarya amma ban kai a tambaye ni abin da na gani ba.

Ƙauyenmu a ƙasar Gezawa yake, inda gona ke manne da gona, gida manne da gida, dangar kara ce kawai tsakaninka da asirin wani. Ba sai an leƙa rumbun kowa ba, turmi ke ba da labari. Matan garin da kunne suke gane wa ke sussuka, wa ke surfe, wa ke dakan gari. Gidan da turminsa ya yi shiru kuwa, kafin azahar an gama da shi a bakin rijiya, ana tausaya masa da murya mai daɗi.

Inna gwanar lugude ce, ba ta da ta biyu a unguwarmu. Sai ta cilla taɓarya sama, ta tafa, ta cafe, ta daki gefen turmi, ta dawo cikinsa, duk ba tare da ta saɓa da abokiyar dakanta ba. Tana yi tana waƙa, yawanci habaici ga masu barcin safe da masu miya ba daddawa. Duk bikin da ba a kira ta dakan gari ba, ita a wajenta ba a yi shi ba. Da na tasa ta ɗauke ni abokiyar daka, don a cewarta mahaifiyata tana daka kamar mai neman gafarar turmi.

Sai damina ta fara yi mana rowa. Ta zo ta leƙa ta koma, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, gyaɗa ko ɓawo ba ta yi ba. Ta gaba ma haka. Baba ya shiga rumbu ya sharo ƙasansa da tsintsiya. Daga nan muka koma ga abin da ya samo in ya kai itace birni a jaki, wani lokaci ɗan garin rogo, wani lokaci ɗan awon dawa da ake niƙawa a dutse cikin ɗaki. Sauran kuwa ganye ne. Inna ta iya sarrafa tafasa da yaɗiya da dusa har ka rantse abinci ne, kuma kowace rana da sunan da take ba shi. Yau fate, gobe kwaɗo, jibi dambu, amma duk ɗanɗanonsu ɗaya.

Safiyar da aka tashi babu ƙwayar da za a zuba a turmi, Inna ta kira ni.

"Ke, ɗauko taɓaryarki."

"Inna, me za mu daka?"

"Ina ruwanki? Je ki bayan gida ki ɗebo min yashi mai laushi. Ki rufe ƙwaryar."

Na ɗebo. Ta haɗa shi da ƙaiƙayin bara, ta yayyafa ruwa, ta daka sau ɗaya, ta karkata kai tana saurare. Ta ƙara ƙaiƙayi. Ta ce turmin da babu komai a ciki ƙara yake yi, kowace sakarya za ta gane. Da sautin ya yi mata daidai da na surfen gero, ta ɗaga murya ta fara waƙa, muka shiga lugude. Ban taɓa jin ta yi wanda ya kai na ranar daɗi ba, Allah ya sani.

Haka muka ci gaba kullum. Kuma Inna ba ta aikin ha'inci, ko da aikin kansa ha'inci ne. Da safe surfe, in rana ta ɗaga a sake haɗin ya koma na dakan gari, sannan ta zauna ta yi ta buga faifai kamar mai tankaɗe. Da yamma a hura kara don hayaƙi ya tashi a kan lokaci. Turamen unguwa suna ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, namu sai ƙara ƙarfi yake yi.

Ba a daɗe ba ribar ta fara shigowa. Tsohuwar gidan gabas, sa'ar Inna kuma abokiyar gasarta tun suna amare, ta leƙo ta saman danga.

"Ƙawata, tunda kuna surfe, a riƙa ajiye min ƙasari saboda akuyata."

Ƙasari ruwan wankin hatsi ne, mu kuwa yashi ba ya ba da shi. Inna ta dama ɗan toka da guntun dusa a ruwa ta miƙa mata. Akuyar ta sha ta rayu, abin da har yau ban gane ba. Bayan akuya sai mutane. A aiko da ƙoƙo, wai a taimaka da ɗan gari a dama wa mara lafiya. Inna ta shiga ɗaki, ta ɗebo daga wanda za mu kwana a kai, ta bayar tana cewa a yi haƙuri ba yawa, ba a gama tankaɗe ba. Mahaifiyata tana kallo. Suruka ce, bakinta na gaisuwa ne kawai.

Don a cike wannan giɓin, Inna ta fara sayar da zannuwanta, ta hannun wata dillaliya daga can wani ƙauye, don kada a gane su a jikin kowa a nan. Amma kafin kowanne ya fita sai ta yanki bakinsa, ta ɗinka a jikin wani bargon faci da ta daɗe tana haɗawa da ƙyallayen tela. Ina jin akwai mata a kasuwar Gezawa da suka yi ta mamakin yadda zane ya ƙi zagaye su. Akwatinta yana raguwa, bargon yana girma, yana ƙara kyau. Masu shigowa suka ce lallai Inna ta samu wuri, ana fama da ciki ita tana ado.

Ta kuma tsiri azumi. Da Litinin da Alhamis ta fara, ta tura mana rabonta. Daga baya ta gano falalar Talata, sannan ta Asabar, falalar da ko limamin garin bai taɓa jin labarinta ba. Ƙafafunta suka fara kumbura, fuskarta ta yi suntum. Ta ce sanyi ne, ta jiƙa sabara da kanwa ta sha, ta ce ta warke. Ana tsakiyar bazara, kowa na neman inuwa, ita tana zaune da bargo a kan ƙafafu, wai ɗinki take yi. Na ji haushinta ƙwarai a lokacin, na kuma ji tsoro, don na ga yadda take dafa turmi in mun gama waƙa.

Rannan aka ce mota ta kawo hatsin taimako gidan dagaci, an raba wa masu unguwa su ba gidajen da suka fi galabaita. Baba ya wanke fuska ya tafi. Bai jima ba ya dawo hannu biyu. A zaure na ji yana gaya wa mahaifiyata yadda suka yi da mai unguwa.

"Cewa ya yi, haba Malam, har da kai? Ni da luguden gidanka ke tashina kullum? Ka ji tsoron Allah ka bar wa mabuƙata. Dubi Inna ma, har kumatu ta ajiye."

Har wani a wurin ya ja shi gefe ya nemi rancen dami ɗaya zuwa kaka.

Baba ya shigo ya durƙusa nesa kaɗan da Inna. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. Ya ce a hankali, "Inna, da an ɗan huta da dakan nan. An ce akwai mota ɗaya da ta rage."

Inna ta dube ni. "Ki gaya wa mutumin nan, tun da aka kawo ni gidan nan ba a taɓa jin turmina ya kwana biyu shiru ba. Ubansa ya mutu ba wanda ya taɓa auna masa sadaka. In shi yana so, ga hanya nan."

Na juya na gaya wa mutumin, wanda yake zaune kusa da ita fiye da ni. Ya ce to, Allah ya huci zuciyarta, ya tashi. Washegari muka yi lugude har da sabuwar waƙa.

Ranar da motar ƙarshe ta iso, muna cikin surfenmu na yashi, na cilla taɓarya na tafa, sai na ga tsakar gida ta juya. Taɓaryar ta faɗo gefe, ni ma na bi ta. Da na farfaɗo ina kwance a inuwar rumbu, mahaifiyata tana shafa min ruwa tana kuka ba sauti. Inna tana zaune wajen ƙafafuna. Ta kama ƙafata ta dama, ta danna babban yatsanta a saman idon sawu, ta ɗaga. Wurin ya lotsa, ya ƙi tasowa. Ta daɗe tana kallonsa. Ashe ta san abin sarai, ta sha gwada shi a tata ƙafar a ƙarƙashin bargo.

Ba ta yi salati ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ce a miƙo mata sandarta da babbar ƙwarya. Mahaifiyata ta ce, "Inna, bari a kira maigidan ya je." Ta ce, "An ga nasa zuwan." Da na iya tsayawa ta ce in biyo ta, ta dafa kafaɗata, ni ma na dafa ta, muka fita.

Ƙofar gidan mai unguwa cike take, maza a gaba, tsofaffin mata a gefe da ƙorai, har da ta gidan gabas. Aka buɗa mana hanya da girmamawa, don an ɗauka mai hali ta zo ganin yadda talakawa ke yi. Mai unguwa ya taso.

"Inna, da kanki? Sannu da zuwa. Ai da kin aiko."

Inna ta zauna a kan buhu. Ta janye zaninta zuwa ƙwauri, a gaban mazan da ta girmi iyayen wasunsu, ta danna yatsa a ƙafarta ta ɗaga. Ramin da ya bari zai ɗauki ƙwallon goruba ƙarami.

"Ga ƙibar tawa," in ji ta. "Mai so ya matso ya taɓa. Yashi muke dakawa, yashi da ƙaiƙayi, tun kafin azumi. Yarinyar nan ke ɗebowa. Tata ƙafar ma ta fara, amma ita ba zan buɗe muku ba. A auna mana."

Wani ya fara dariya, ya ga shi kaɗai ne, ya mayar da ita tari. Mai unguwa ya sunkuyar da kai ya karɓi ƙwaryar da hannu biyu. Tsohuwar gidan gabas ce kawai ta samu bakin magana.

"To ƙawata, ƙasarin fa?"

"Toka ce."

"Garin da kika aiko min ranar da jikana ba lafiya fa?"

"Wannan gari ne."

Tsohuwar ta ja mayafi ta rufe fuska. Aka cika mana ƙwarya da wata jar dawa mai warin buhu, aka ce a turo Baba da jaki ya ɗauki sauran.

Muna isa gida na juye dawar a turmi. Daɗi ya kama ni, ga hatsi na gaske bayan watanni. Na yayyafa ruwa, na daka, na cilla taɓarya sama na tafa, ina jiran ta Inna ta amsa.

"Daka kawai," in ji ta daga bakin ƙofar ɗakinta. "Wannan hatsin roƙo shi na yi. Ba za a yi masa kiɗa ba."

Muka ci tuwo a daren, ita ma ta ci, azumin Talata ya ƙare. Kumburin ya saɓe a hankali, nawa da nata. Damina ta dawo, rumbu ya sake cika. Amma garin bai manta ba, garinmu bai taɓa manta irin wannan ba. Duk wanda ya cika baki a dandali sai a ce yana luguden yashi, yara ma suna faɗa ba su san daga ina ya fito ba. Inna ma ta ji. In an aiko kiran dakan biki sai ta ce bayanta na ciwo, ta tura ni. Ta ci gaba da girki, ta ci gaba da ɗinki, ta ci gaba da gyara wa mahaifiyata yadda ake kaɗa miya, amma ban sake jin waƙarta a bakin turmi ba.

Ranar dakan bikina matan unguwa suka cika tsakar gidanmu, gero har ya yi yawa. Tsohuwar gidan gabas ta ɗauko taɓarya ta kai wa Inna har inda take zaune, mata suka fara guɗa, aka ja baya aka ba ta fili. Inna ta karɓa, ta juya ta a hannu, ta shafa wurin da tafinta ya cinye. Sannan ta ce ta yi mata nauyi, ta miƙa wa ta kusa da ita. Na san saboda ƙafata ta rasa wannan, kuma ba ta taɓa goranta min ba ko sau ɗaya. Na shiga ɗaki na yi ta kuka, mata suna ta yi min tsiya, wai amarya ta fara tun ba a zo ɗaukarta ba.