Mai Allura da Faifan da Ke Maƙalewa

Asalinsa mai gyaran rediyo ne a bakin tasha. Wata rana aka kira shi ya duba garmahon shugaban ƙasa, ya gyara, shugaba ya ce ya zauna. Zaman da ya yi ke nan, shekara talatin da ɗaya, har sunansa ya ɓace aka koma ce masa Mai Allura, saboda allurar garmahon.

Ɗakin faya-fayai ne hurumin nasa. Dubu biyu da ɗoriya, duk kiɗan Turawa na da, goge da fiyano da sarewa. Da tsumma mai laushi yake share su yana bin zagayen layi, yatsansa bai taɓa sauka a fuskar faifai ba.

Matarsa takan tsokane shi. "Malam, kiɗan da ba rawa ba kirari, me ake ji a ciki?"

"Ke dai ba ki sani ba. Sau biyu shugaba ya saurari ɗaya kafin ya sa hannu a takardar sulhu. Wa ya ɗora masa?"

"Kai ne. Ai ko kajin gidan nan sun haddace."

Shugaba ya sauka daga mulki, ya tsufa, mantuwa ta kama shi har ba ya gane 'ya'yansa. Babbar 'yarsa ta sa aka zuba kiɗan a waya, ta ce gobe za a kwashe faya-fayan a kai sito.

"Baba, ka huta haka nan," ta ce wa Mai Allura. "Na waya ya fi fita tas."

Ta kunna wa mahaifinta wanda ya fi so. Ana tsakiyar kiɗan tsohon ya ɗaga yatsa, ya tsaya yana jira. Kiɗa ya wuce abinsa. Ransa ya ɓaci, ya juya wa bango fuska.

"Kullum haka yake yi," ta ce. "Likita ma ya rasa dalili."

"Uwata, ba ni minti biyar," in ji Mai Allura.

Mai Allura ya zaro faifan ba tare da ya duba suna ba, ya hure shi, ya saukar da allura. Faifan yana da tsohon karce, a daidai wurin nan yake maƙalewa yana maimaita kansa. Da aka iso, yatsa ya tashi. Mai Allura ya ɗan tura allurar da gefen farce, kiɗa ya zarce.

Tsohon ya sauke hannu, ya dube shi sosai.

"Ka makara yau, Mai Allura."

"A gafarce ni, ranka ya daɗe."

 Sai 'yar ta leƙa waje ta ce wa direba ya sallami motar sito.

Da Mai Allura ya koma gida, tun daga ƙofa matarsa ta ga tafiyar tasa ta canza.

"To, yau kuma wace takarda aka sa wa hannu?"

Ya gyara zaman hularsa. "Kira kajin naki su zo su ji."