Umma a Kan Dutsen Innsbruck

Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba mahaifiyata ta zo Ingila, amma da za a tsare ta a ce ta faɗi abin da ta gani, ba za ta wuce kicin ɗina na Whalley Range da kicin ɗin matar yayana a Erdington ba. Sai kuma hanyar da ta haɗa Manchester da Birmingham, wadda ita ma rabinta a cikin gyangyaɗi take yin ta. Wankan jegona ne ya fara kawo ta, daga nan kuma sai ya zama duk wanda aiki ya sha wa kai a cikinmu, shi zai tura mata takardar gayyata.

Ba wai ba ta fita ba ne. Umma ta fi ni sanin gidajen Hausawan garuruwan nan biyu. In an haihu a Salford tana can da kunun kanwa, in an yi rasuwa a Erdington ita ce a gindin tukunya tare da wata Hajiya 'yar Ghana da suka ƙulla ƙawance, suna yi suna gyara wa juna Hausa. Amma ƙafarta ba ta taɓa taka waje don kanta ba. Tun da na buɗe ido na gan ta, ban taɓa jin ta ce tana son wani abu ba, ko da tsokar nama ce a cikin miya. In ka tambaye ta, amsar ɗaya ce, "Duk abin da kuka ci." Wannan abu ya daɗe yana ci mini rai, kuma a zuwan nan nata na ga yadda take dafa bango kafin ta hau matakala. Na san ba kullum za ta riƙa iya wannan doguwar tafiya ba, sai na ƙudurta cewa kafin ta koma Kano sai ta ji daɗin wani abu guda wanda ba na kowa ba ne sai nata.

A hutun rabin zango na tsakiyar sanyi yarana biyu suka tasa mu a gaba, wai duk 'yan ajinsu sun taɓa zuwa wasan zamiya a kan ƙanƙara sai su. Babansu ya samu hutu daga asibiti, muka zaɓi Innsbruck, wani tsohon birni a ƙasar Austriya da duwatsu suka kewaye. Na sha faman nema wa Umma biza, sai da ta fito sannan na gaya mata. Tana tsinke alayyafo a lokacin.

"Wa gare ku a can?" ta ce.

"Ba kowa, Umma. Holiday ne kawai."

"Ba biki, ba suna, ba wanda ya rasu?"

"Babu."

"To me za a je yi?"

"Kallo."

Ta ajiye wuƙar ta dube ni sama da ƙasa. "Ikon Allah. A bar ɗaki da ɗuminsa a tafi kallon ƙanƙara, alhali ga ta nan cike da firij."

Da yamma yayana ya bugo, wanda Umma ba ta kama sunansa saboda shi ne ɗan fari, sai dai ta ce "wancan na Birmingham". Ya ce, "Ke dai kin cika rigima. Umma da ciwon gwiwar nan nata na arthritis za ki kai kan dutse? Likitanta GP ma ba zai yarda ba. Ki kawo ta nan kawai, dama madam tana on nights, aikin dare take satin nan." Ai kuwa wannan maganar tasa ta ƙarshe ce ta sa na kafe. Na ce masa ya nemi mai raino.

A ƙarshe Umma ta yarda, ba don maganata ba, sai don ta ji an ce mutanen can naman alade ne cimarsu, ta ce ba za ta bari jikokinta su dawo a rame ba. Ta cika rabin akwatinta da garin tuwo da kuka da yaji. A ɗaya rabin ta sa turmin atamfa da kwalbar turaren wuta da dabino. Na ce na wane ne waɗannan, tunda na gaya mata ba mu san kowa ba. Ta ce a kan titi za mu kwana? Ai dole akwai mai masauki, kuma ita ba a haife ta ta shiga gidan mutane hannu rabbana ba. Na yi mata bayanin otal har na gaji, ta ce ta ji.

Har yau in na rufe ido ina ganin garin nan yadda muka same shi da hantsi. Gidaje dogaye jere a bakin kogi, wannan ruwan ƙwai, wancan shuɗi, na gaba ja-ja, ruwan kogin kuma kore shar. Ta bayansu dutse ya miƙe fari fat har sai ka ɗaga kai hularka ta nemi faɗuwa. Mu da muka saba da sararin Manchester mai kama da tsohon bargo, hasken wurin har idanu yake kashewa. Masaukinmu wani tsohon gida ne na katako mai 'yan ɗakuna, wata tsohuwar Baturiya mai farin gashi ce take riƙe da shi ita kaɗai. Ta miƙa mana makullai ba yabo ba fallasa, muka hau sama.

Ban gama zuge akwatina ba sai ƙararrawar gobara ta ɗauka, gidan duk ya amsa. Na ruga ɗakin Umma. Na tarar ta jona kaskonta na lantarki ta zuba turare, hayaƙi ya turnuƙe, wai ɗakin yana warin rufi. Ina cikin fizge wayar sai ga tsohuwar nan ta faɗo tana haki, da tukunyar kashe wuta a hannu. Ni dai na so ƙasa ta tsage in shige. Ina ta ba da haƙuri da Turanci, ina tunanin yau sai an kore mu.

Umma kuwa ko a jikinta. Ta tambaye ni, "Ita ce mai gidan?" Na ce e. Sai ta gyara mayafi, ta rusuna duk da ciwon gwiwar nan, ta shiga jero gaisuwa: mun same ku lafiya, ya gida, ya sanyi, ya ɗawainiya da baƙi. Ta juya ta ɗauko atamfa da dabino da ragowar kwalbar turaren, ta ɗora wa matar a kan tukunyar kashe wutar. Tsohuwa ta tsaya baki buɗe. Ta dube ni, ta dubi kayan, ta kai kwalbar hancinta ta shinshina. Can sai ta fashe da dariya har tana dafa ƙofa.

Daga ranar na rasa uwata. Kullum da safe, kafin mu gama ɗaure wa yara takalman nan masu nauyin tsiya, Umma ta riga ta sauka gaida mai masauki. Ita ba ta jin Jamusanci, waccan ba ta jin Hausa, Turancin kowaccensu kuma bai cika cokali ba, amma in ka wuce ƙofar kicin sai ka ji hira tana tafiya, kowa da yarensa. Mu kuma mu tafi dutse. Yara suka koyi zamiya cikin kwana kaɗan, babansu ya sha ƙasa har ya haƙura ya koma ɗaukar hoto. In mun dawo da la'asar mu tarar da tuwo da miyar kuka a kan teburin Baturiya, ita ma da nata kwanon, tana ci da cokali hawayen yaji yana zubo mata.

Rana ɗaya na matsa na fitar da Umma cikin tsohon gari. Na kai ta lungunan da aka shimfiɗe da dutse, na nuna mata barandar nan mai rufin ruwan zinariya da kowa yake tsayawa ɗaukar hoto a gabanta. Ta ɗaga kai ta duba, ta ce, "Zinariya a waje ruwa yana dukanta? Allah ya shirya." Ba mu yi nisa ba ta ce mu koma, ta baro baiwar Allah ita kaɗai da buhun dankali.

A nan raina ya ɓaci. Na tsaya a tsakiyar titi na ce, "Umma, wallahi ban kawo ki nan don ki fere dankali ba! Wannan matar business take yi, aikinta ne. Ke guest ce. Sau ɗaya dai a rayuwarki ki zauna a yi miki!"

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ke kika san wannan. Ni mutum na gani ta ba mu wurin kwana, ba ta da ɗa ba ta da jika a kusa. Rage murya, mutane suna kallonki."

Muka koma masauki. Na shiga banɗaki na yi kukana. Gobe ce rana ta ƙarshe, jibi sai jirgi, ga shi abin da na kawo ta dominsa bai yiwu ba.

Washegari muna karyawa sai ga tsohuwar ta fito cikin wata doguwar rigar sanyi, ta rataya wata a hannu. Ta zo ta tsaya a kan Umma, ta nuna dutse ta taga, ta yi magana mai tsawo. 'Yata, wadda take ɗan koyon Jamusanci a makaranta, ta kasa kunne ta ce, "Mum, I think she's saying baƙuwarta can't go home without seeing her mountain." Na fassara wa Umma cewa wai baƙuwarta ba za ta koma gida ba ta ga dutsenta ba, ina jiran ta kawo uzurin gwiwa, kamar yadda ta yi mini duk satin. Sai kawai ta ajiye kofin shayi ta ce, "To, tunda mai masauki ta ce." Ta miƙa hannu aka zura mata rigar. Na ji daɗi, amma ba zan ɓoye ba, na ji haushi ma. Ni da na haɗa tafiyar na yi ta roƙo a banza, ga wata daga magana ɗaya an tashi.

Ana hawa dutsen ne a cikin wani ɗan ɗakin gilashi da yake rataye a jikin igiyar ƙarfe. Umma tana ganinsa ta ce, "A wannan akurkin za a zuba mu?" Da ya ɗaga, ta damƙe hannun tsohuwar ta runtse ido, ba addu'ar da ba ta karanto ba, har da ta shiga kasuwa. Ɗana yana ta tsokanarta wai matarsa matsoraciya ce, zai sake ta ya auri Baturiya. Ta ce ya bari su sauka tukuna, zai gane kurensa.

A sama akwai wani dandali da benci a jikin bango, inda rana take bugawa. Tsohuwar ta zaunar da Umma, ta rufa mata bargo a gwiwa, ta zauna gefenta. Yara da babansu suka tafi zamiyarsu. Sai a lokacin Umma ta buɗe ido sosai. Garin duk yana ƙarƙashinmu, kogin ya zama siririn zare, duwatsu kuma sun jeru farare har iyakar gani. Ba ƙarar mota, ba ta mutane, sai iska kaɗan da wasu baƙaƙen tsuntsaye da suke shawagi a ƙasa da mu. Na jira ta yi irin maganarta ta ba'a, ba ta yi ba. Ta ce "Subhanallah" a hankali. Hannayenta suna kan bargon a buɗe, ba carbi, ba wuƙa, ba ɗan kowa.

Mun daɗe a haka har yatsuna suka fara ƙandarewa. Ni ce na fara damuwa. Na sunkuya na ce, "Umma, mu sauka ko? Yara za su dawo da yunwa, ba a ɗora komai ba."

Ba ta ko waiwayo ba. Ta ce, "Su ci burodi. Ki bar ni in ɗan ƙara zama, wurin nan ya yi mini."

Tsohuwar, wadda ba ta ji ko kalma ɗaya ba, ta kama hannun rigata ta ja ni gefe, muka koma can bakin ƙarfen da ya kange dandalin muka bar ta ita kaɗai. Na juya baya kamar ina kallon masu zamiya, don kada a ga fuskata. Sai da rana ta kusa faɗawa bayan dutse aka zo ana cewa ɗakin gilashi na ƙarshe zai sauka, sannan ta tashi.

Ba ta sake zuwa Ingila ba. Gwiwar ta ƙi, daga baya kuma ciwo ya kwantar da ita a Kano, har Allah ya karɓi abarsa. Da na dawo daga zaman makoki, falona na Whalley Range ya cika da masu ta'aziyya, wasu tun daga Birmingham cikin ruwan sama. Kowa da abin da zai tuna. Wannan ta ce Umma ce ta yi mata wankan jego, waccan ta ce ita ta kwana da ita a asibiti, Hajiya 'yar Ghana tana kuka tana cewa ta rasa abokiyar tukunya. Duk gaskiya suka faɗa, ina ta amsawa da amin. Aka zagayo kaina, wata ta ce ni fa, me na fi tunawa da ita? Na ce na taɓa ganinta a zaune, ba ta yi wa kowa komai, kuma ta ce a bar ta. Suka zuba mini ido suna jiran ƙarshen labarin. Na ce musu shi ke nan.