Tuwon Malam

Ni ne na cinye tuwon Malam. Gara in faɗa da bakina kafin yayata Hauwa ta riga ni, don ita in tana ba da labarin cewa take na lashe akushin har ya koma madubi. Sharri ne. Na bar loma ɗaya.

Ina ɗan shekara tara a lokacin, a gidanmu na Gwallaga. Kullum aka sauke tuwon dare, kakarmu Dada takan fara sa malmala guda a wani tsohon baƙin akushi, ta rufe da faifai, ta ajiye bayan ƙofarta. Da safe ta ɗumama, ta ba duk wanda ya fara sallama a gidan. Ba mu taɓa tambayar dalili ba. Ranar da abin ya faru na dawo daga ƙwallo da yunwar da za ta iya haɗiye Kasuwar Muda Lawal har da rumfunanta. Na ɗaga faifai don in leƙa kawai. Sauran bayani ku tambayi cikina.

Bayan magariba muka kewaye murhu yadda muka saba, muna jiran tatsuniya. Dada ta fito riƙe da akushin, ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Miyar kuka kuwa tana nan a haɓata tana ba da shaida.

"Maigida," in ji ta, haka take kirana, "ashe ɓarawo na aura ban sani ba?"

Kowa ya tuntsire da dariya, ban da ita. Ta zauna, ta ɗora akushin a cinya.

"Yau ba tatsuniya. Wannan da idona na gani."

Malam mahaifinta ne. Da safe yana karantar da maza a zaure, bayan la'asar kuma mata su zauna bayan asabari ya biya musu, abin da ya sa wasu dattawa suka daina amsa gaisuwarsa. Zamanin Turawa ne, ana tsakiyar babban yaƙi, ana ɗiban maza ƙarfi da yaji zuwa haƙar kuza a duwatsun Jos. Kafin a tafi da su sai a tara su a fili, a kira malami ya yi addu'a, jama'a su shafa, iyaye su ce ƙaddara ce, su koma gida su yi kuka a ɓoye.

Wata rana Malam aka kira. Bature na kan kujera, ga samari a jere da igiya a ƙugunsu, kowa ya ɗaga tafuka yana jira. Malam ya bar hannuwansa cikin riga.

"Ya ce musu," in ji Dada, muryarta ta yi ƙasa, "zan roƙa wa kowane yaro a nan Allah har ƙarshen raina. Amma ba zan shafa fatiha a kan igiya ba. Wannan ba ƙaddara ba ce, zalunci ne, kuma yana da masu shi."

Tafinta ya fassara. Bature bai ko ɗaga murya ba, ya ce to a ƙara sunansa cikin masu tafiya.

Da magariba 'yan doka suka zo. An kai wa Malam tuwo, har ya wanke hannu. Ya dubi mahaifiyar Dada ya ce, "Rufe min, in na dawo na ci." Duk maƙwabta ba wanda ya leƙo. Washegari aka samo wani malamin ya yi addu'ar, maza suka shafa. Matan da suka yi karatu bayan asabari suna tsaye daga nesa, kowacce ta cusa hannuwanta cikin mayafi. Dada ta ce daga ranar, duk ɗiban da aka yi a unguwar, ba macen da ta sake shafawa.

"Sai igiyar ta tsinke ko, Dada?" na ce. "Sai ya ɓace musu?"

"Kai dai maigida, ka fi son ƙarya da zaƙi."

Gaskiya ta faɗa. A makaranta na ba da labarin ya fi sau ashirin. A nawa, igiyar ta zama maciji, Bature ya zura da gudu har ya bar hularsa, Malam ya dawo gida ya tarar da tuwonsa da ɗumi. Yara suka yi ta tafi.

Bara Dada ta rasu. Daren farko na ga Mama ta ɗauko akushin tana juya shi a hannu, ta rasa yadda za ta yi, can dai ta zuba tuwon ta rufe. Tun ranar bakina ya mutu da labarin macijin. Na lura duk abin da na ƙara, don in guje wa wuri ɗaya ne: mutum ya san abin da zai biyo baya, ga 'yarsa ƙarama tana kallo, ya ƙi fito da hannunsa. Ni da ko akushi ban iya ɗauke wa hannu ba.

Ga yadda Dada ta ƙarasa labarin a daren da na cinye tuwon. Bayan yaƙi wani ɗan unguwar ya dawo, tari ya cinye shi, ya zauna a zaure ya ba da labari. Sanyi da ciwon ƙirji ne suka kashe Malam a bakin ramin kuza tun kafin damina ta faɗi. An binne shi tare da wasu. Ba wanda ya san kabarinsa.