Waken Ɗakin Kaka

Da ƙarfe huɗu da kwata na yamma, ana idar da la'asar, Kawu ya sa aka jera buhunan wake goma a ɗakin da Kaka take kwana. Har gobe ban manta wannan lokacin ba. Ina aji biyar a sakandare, na zo hutu ƙauyenmu Bauranya daga Kankia, kuma ni ce yarinyar da ko gaisuwa sai an kasa kunne ake jin muryarta.

Kowane buhu sai da ya tura masa ƙwayar maganin ƙwarin nan da manoma ke kira bom. Na tsinci gwangwanin da ya yar, na karanta har ƙananan rubutun. An ce kada a ajiye inda mutum ke kwana, tururinsa kisa yake. Na gaya wa Kawu. Ya ce ɗakin ne kaɗai mai siminti da ƙofar kirki, kuma bara ma haka aka yi.

Daga ranar na sa shi gaba. Ya dawo masallaci ina bakin ƙofa, ya zauna shan fura ina gefe. "Kawu, yaushe za a fitar da waken?"

"Ke ɗiyar nan, mi na yi maki ne? Da ba ki magana ashe hutu muke."

Matan gida suka ce boko ya cire min kunya. Abin ya yi min ciwo, amma ban fasa ba. Kaka kuwa ta ƙi barin ɗakinta, ga ciwon kai, ga tari.

Rana ta huɗu Kaka ta yi amai. Na yafa mayafi na shiga zaure, inda Kawu ke hira da abokansa, wurin da ban taɓa tsayawa ba. Na durƙusa na gaishe su, na fassara musu rubutun gwangwanin layi-layi.

"Tashi ki koma ciki," in ji Kawu.

"Ka yi haƙuri, Kawu. Ba zan tashi ba sai an fitar."

A durƙushen nan na gane cewa kunya ba ta kai ran mutum ba, kuma a kira ni mai naci ya fi min sauƙi da a zo mana ta'aziyya.

Kawu ya kalle ni, sannan ya laluɓo takalmansa.

"Je ki share tsohon shagon baya. Gara in ɗauki buhu goma a kaina da in wayi gari da muryarki gobe."