Uwar da Ba Ta Kallon Ɗanta

Har yau ban manta da wata Talata ba, a shekarar da aka sami 'yancin kai, ina aikin ziyarar gidaje a cikin garin Sakkwato. Aikinmu a lokacin shi ne shiga gidajen kulle, mu duba mata da ƙananan yara, mu rubuta abin da muka gani a kati, mu kai wa Sista. Sista Baturiya ce, ita ce shugabarmu, kuma ba ta son dogon bayani.

A cikin katunana akwai na Umaru, ɗan shekara uku, ɗan wani falken shanu a Ƙofar Atiku. An haife shi da ciwon zuciya. Uban ya kai shi har Ibadan aka yi masa aiki, suka dawo da ɗinki a gefen ƙirji da 'yar kwalbar magani. Ɗigo biyar ake ba shi da safe, biyar da yamma. Maganin yana ƙarfafa zuciya, amma in ya yi yawa sai ya rage mata gudu har ta tsaya. Saboda haka ake ƙirga bugun zuciya kafin a bayar.

Da Sista ta miƙa mini katin ta ce, “Ki koya wa uwarsa.”

Na yi murmushi irin na wanda ya san gari. Na ce mata ɗan fari ne. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ko kallonsa ba ta yi a gaban surukai. Na ce kakarsa ce mai riƙonsa, ita zan koya wa. Sista ta ɗaga kafaɗa ta ce na fi ta sanin mutanena. Na ji daɗin wannan magana fiye da kima.

Haka na yi. Na zauna a tsakar gida da kakar, Inna Kulu, na nuna mata ɗigo, na nuna mata inda ake ɗora yatsa. Uwar yaron, Ige, tana can bakin madafa tana tankaɗe, ta ba mu baya. Ban ce mata komai ba sai gaisuwa.

Mako uku komai lafiya. Ranar Talatar nan na iso da hantsi, gidaje bakwai na jirana. Inna Kulu ta ce yaron barci yake yi, ya ɗan yi amai jiya amma ya wuce. Na leƙa, na gan shi kwance, na rubuta “lafiya” a kati. Ban ciro agogona ba.

Na kai zaure ina sa takalmi sai ga Ige da ƙwaryar fura, wai ta kawo mini. Ba ta dube ni ba. Ta yi magana ƙasa-ƙasa.

“Malama, wancan da kike zowa dominai, bugun ƙirjinai ya rage.”

Na ce, “Ke ina kika sani?”

“Na jiya sadda kike gwada ma Inna. Ni ban da agogo. In ta tahi makwabta sai in aza hannu in karanta Ƙulhuwallahu. Da can kamin in ƙare shina buga ashirin. Shekaranjiya sha biyar. Yau sha biyu.”

Na ajiye furar na koma ciki. Na ƙirga da agogo, abin da ta faɗa shi na tarar. Na tambayi Inna Kulu ɗigo nawa take bayarwa. Ba ta ɓoye ba.

“Yaron da anka tsaga ma ƙirji, mi ɗigo biyar za ya yi mai? Goma nika ba shi, shi samu ƙarhi.”

Na goya shi zuwa asibiti, Inna Kulu na biye tana salati. Ige ta koma tankaɗenta. Likita ya tsayar da maganin, ya kwantar da yaron kwana shida. Ya ce da an ba shi na yamma, mai yiwuwa da sai dai wani labarin.

Na gaya wa Sista komai, har da agogon da ban ciro ba. Na ji kunya ƙwarai. Ba ta yi faɗa ba, ta dai tambaye ni, “To, wa za ki koya wa yanzu?”

Ba a karɓe kwalbar daga hannun Inna Kulu ba, don gida ba ya zaunuwa in an tozarta tsohuwa. Ita ta ci gaba da ɗigawa, biyar cif. Amma duk zuwana sai furar nan ta same ni a zaure, Ige ta ba ni lissafin bugun na mako. Umaru ya girma, ya gaji ubansa a harkar shanu. Har Ige ta rasu ban ji ta kira sunansa ba.

Ku da kuke shiga gidaje yanzu, ku riƙe wannan. Sanin al'ada ne ya kusa kashe mini yaro, don na san abin da uwa ba ta yi a gaban mutane, na manta ban san abin da take yi in sun fita ba. Tun daga ranar, in na shiga gida, wadda ta ba yaron baya ita nake fara nema.